Ranar da Malam Biro Uku Ya Ba da Aron Bakinsa

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata, kafin maigadi ya gama zare sakatar babbar ƙofar makaranta, Malam Biro Uku yana tsaye a bakinta da tsohon babur ɗinsa, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. A bayan babur ɗin akwai wani kwali ɗaure da roba, ya sha gam har ba a gane asalin launinsa. A aljihun gaban rigarsa kuwa biro uku ne a jere, shuɗi da baƙi da ja. Su ne suka cinye masa sunan yanka, har jikokinsa ma idan suna so su tsokane shi sai su ce Kaka Biro Uku. Ƙarshen watan nan zai ajiye alli bayan shekara talatin da huɗu, shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa tun yana jin mu da kunnensa.

A takardar tsarin darussa, abin da aka ɗauke shi ya koyar shi ne harshe da rubutu ga 'yan ajin ƙarshe. Shi kuwa tun shekararsa ta farko ya ga yara sun iya cika shafi da manyan kalmomi, amma idan aka ce su nemi a gyara musu famfon makaranta sai su rasa ta inda za su fara. Sai ya shiga tara takardu. Abin da ke cikin kwalin nan ke nan: wasiƙu da takardun koke da jawabai na mutanen da aka danne wa haƙƙi, daga ƙasashe daban-daban da zamani daban-daban. Akwai ta ma'aikatan da aka hana hutu, akwai ta matan da aka ce ba za su jefa ƙuri'a ba, akwai ta mutanen da aka ware wa ƙofar baya a asibiti saboda launin fatarsu. Wadda ya fi so, har ya haddace ta, wasiƙar wata uwa ce da aka hana ɗanta shiga makaranta saboda asalin iyayensa.

Ba ya barin ɗalibi ya karanta ya ce kawai, "Kai, ta yi daɗi." Idan ka faɗi haka zai leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Shayi ma yana da daɗi. Nuna mini yadda aka haɗa ta." Daga nan sai aikin biro. Duk inda mai takarda ya nuna dalilin da zai sa a saurare shi, ko ya girmama wanda yake wa magana, a ja layi da shuɗi. Inda ya kawo hujja, ko adadi, ko abin da ya faru a rana kaza, a ja da baƙi. Inda ya taɓa zuciya, a ja da ja. Idan an gama sai a ɗaga shafin a hango shi daga nesa. Wanda ja ya yi wa yawa, Malam zai ce, "Wannan kuka ya zo yi." Wanda baƙi ya cika, "Wannan kuma rasit ne." A hankali yara suka fara gane cewa waɗancan mutane ba fushi kaɗai suka zuba a takarda ba. Sun zauna sun auna wanda suke wa magana, sun san abin da yake tsoro, sun zaɓi kalmar da za ta shiga kunnensa.

Akwai kuma kujera. Wata tsohuwar kujerar katako ce a gefen allo, ba mai zama a kanta duk shekara, ana kiran ta kujerar mai ƙi. A zangon ƙarshe kowane ɗalibi zai rubuta tasa takardar koke a kan abin da ya dame shi, ya tsaya gaban aji ya karanta ta da bakinsa, Malam na zaune a kujerar a matsayin wanda aka kai wa koken, fuska a murtuke. Minti biyar kacal, ya cire agogonsa ya ajiye a gwiwa. Rabin makin zangon a nan yake. Dokarsa ce, kuma yana alfahari da ita. Yakan ce takardar da mai ita bai iya tsayawa ya faɗa da baki ba, rabin takarda ce.

Waɗanda suka bi ta gaban kujerar nan suna nan birjik. Akwai ma'aikaciyar jinyar da ta rubuta takarda shafi ɗaya aka daina mayar da masu naƙuda gida saboda rashin kati. Akwai direban da ya tsaya gaban shugabannin ƙungiyarsu ya sa aka dawo da abokin aikinsa da aka kora ba a ji ta bakinsa ba. Duk za su ce maka sun fara ne da jan layi. Amma idan ka tambayi Malam shi kansa wace rana ce ta fi tsaya masa a rai, ba zai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Zai shafa gemu, ya ce, "Ranar da aka kai ƙarata wurina."

Shekara uku ke nan da faruwar abin. A ajin wannan shekarar akwai wata yarinya da kowa ke kira 'Yar Tela, don shagon mahaifinta yana kallon ƙofar makaranta. Idan aka zo jan layi babu kamarta. Sau da yawa takan gano abin da Malam bai lura da shi ba a takardar da ya shekara ashirin yana koyarwa. Sai dai tana da in'ina mai tsanani. Kalma ɗaya takan tsaya mata a maƙogwaro har jijiyar wuyanta ta fito. A gwajin da aka yi a tsakiyar shekara, minti biyar ɗinta ya ƙare ba ta gama layi na uku ba. Wasu 'yan bayan aji suka fara ƙunshe dariya, Malam ya watsa musu kallo ɗaya suka shiga taitayinsu. Ya ce mata cikin taushi, "Kada ki damu, 'yata, ki ci gaba da gwadawa." Sannan ya rubuta sifili a gurbin karatu.

Har ga Allah yana ganin taimakon ta yake yi. Ya ba ta shawarar ta riƙa karatu a gaban madubi, ya ce ta riƙa jan numfashi kafin kowace jimla. Ta yi duka, harshen bai saku ba. Lissafin kuwa a fili yake: idan ta sake samun sifili a zangon ƙarshe, ta faɗi darasinsa, kuma wanda ya faɗi darasin harshe sai ya maimaita aji. Mahaifinta ya riga ya faɗa, ba da faɗa ba, cewa idan ta faɗi to ta haƙura haka, ga keken ɗinki nan yana jiran ta. Ba ya son a ƙara yi wa 'yarsa dariya shekara guda.

Ana saura mako ɗaya a fara karatun ƙarshe, ɗalibai suka miƙa takardunsu. Bayan an tashi, Malam ya zauna a ɗakin malamai da kofin shayinsa yana dubawa. Wannan ya rubuta wa hukumar ruwa, wancan ya rubuta wa masu kwashe shara. Da ya zo kan ta 'Yar Tela sai ya ga a sama an rubuta: Zuwa ga malamin harshe na ajin ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shi dai ne.

Ransa ya ɓaci, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa yara neman haƙƙi, yau shi ne azzalumin? Ya zaro biro ukun nan da niyyar ya yi wa takardar kaca-kaca, ya nemo inda ta karkace. Ya fara karantawa.

"Malam, ka koya mana cewa kafin mu nemi abu wurin mutum, mu fara faɗin dalilinsa na ƙi, mu faɗe shi da kyau har shi kansa ya gyaɗa kai. Dalilinka shi ne, wata rana za mu tsaya gaban wanda ba shi da lokacin karanta takarda, kuma kana gudun a sallame mu ba mu ce komai ba. Na san ba ƙi na kake yi ba. Tsoro kake ji mana."

Hannunsa da ya saba ya ja layi da shuɗi tun kafin zuciyarsa ta yarda. Ya yi tsaki, ya ci gaba.

"Na ƙirga takardun kwalinka, arba'in da ɗaya ne. Ashirin da tara daga cikinsu masu su ba su taɓa karanta su a gaban kowa ba, aikawa suka yi. Uwar nan da aka hana ɗanta makaranta, kai ka gaya mana ba ta iya rubutu ba, wani ta samu ta faɗa masa ya rubuta. Ta ari hannu, ba ka ce wasiƙarta rabi ce ba. Ni aron baki nake nema."

Nan ya tashi ya kwance robar kwalin, ya zube takardun a tebur ya ƙirga da kansa, ko Allah zai sa ta yi kuskure ko da na guda ɗaya. Ashirin da tara cif. Ya koma ya zauna, ya ja layi da baƙi. Shayin ya riga ya huce.

"Kafin ni an yi wani mai irin harshena a ajinka, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Ya faɗi, bai dawo ba. Yanzu yana walda a bayan tashar mota. Na je na same shi. Bai zage ka ba. Ya ce in gaishe ka."

Malam ya ɗauki jan biro, amma bai iya jan layin ba. Ya tuna yaron sarai, dogo, mai zama kusa da taga, mai kyakkyawan rubutu. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka cewa yaron ne bai yi ƙoƙari ba. A ƙarshen takardar ta faɗi abin da take nema, a taƙaice, yadda ya koya musu: ba makin tausayi ba. A ba wani takardarta ya karanta, a yi mata tambayoyi kamar kowa, ta amsa a kan allo.

Da ya koma gida da yamma, maiɗakinsa tana tsakar gida tana ninke wanki. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Baban yara, babur ɗin ne ya sake yin halinsa?"

Ya miƙa mata takardar. Ta goge hannu ta karanta a tsaye, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Sannan ta ce, "To, me ka ba ta?"

"Ba a nan take ba," in ji shi. "Doka ce. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Idan na janye yau, me zan ce wa waɗanda suka faɗi a baya?"

"Au, su kake ji wa, ko kanka?" Ta ɗora riga a kan tulin. "Shekara talatin da ɗaya ina jin ka a gidan nan kana zagin mutanen da aka kai wa takardun kwalinka. Wane irin taurin kai ne wannan, ga gaskiya ƙiri-ƙiri sun ƙi gani. Ashe su ma haka suke komawa gida su ce wa matansu doka ce."

Ya karɓi takardar ya shige ɗaki. Ita ta ba da labarin cewa ranar ko abinci bai ci na kirki ba, kuma washegari ya fita ya manta hularsa, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar karatu ta zo, aji ya cika, har wasu malamai sun leƙo don an san ranar tana da daɗin kallo. Da aka kira 'Yar Tela ta taso da takardarta, ba ta san abin da ya yanke ba, don bai ce mata komai ba duk makon. Sai Malam ya miƙe daga kujerar mai ƙi. Ya aika aka kira malamar lissafi, wadda yara ke kira Anti Sifili saboda ba ta jin nauyin rubuta shi. Ya ce mata, "Malama, zauna nan. Ni aka kai ƙara, ba zan zama alƙali ba. Kada ki saurara mata, kada ki saurara mini." Ya juya ga yarinyar ya miƙa hannu. "Kin nemi aron baki. Ga nawa, idan zai yi miki."

Haka dattijon nan ya tsaya a inda ɗalibai ke tsayawa, ya karanta ƙarar kansa da babbar murya. Bai yi sauri don ya wuce wurin da ke masa ciwo ba, bai kuma sassauta ko kalma ɗaya ba. Anti Sifili ta ce ta shekara ashirin tana jin karatunsa ta bangon ajinta, ba ta taɓa jin ya karanta wata takarda da kyau irin na ranar ba. Sai da ya zo kan "Ya ce in gaishe ka" muryar ta sarƙe. Ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya sake gwadawa, ta ƙi. Aji ya yi tsit, babu wanda ya yi ko motsi har ya samu ya wuce wurin.

Anti Sifili ba ta zo wasa ba. Ta dubi yarinyar ta ce, "Na ji. Amma ranar da za ki nemi haƙƙinki a waje, idan babu mai ara miki baki fa?"

'Yar Tela ta ɗauki alli ta rubuta, manya-manya: "Zan faɗa da kaina. Ba tsoron magana nake ji ba, minti biyar ne ba ya isa ta. Wanda ya danne mini haƙƙi sai ya jira."

Malamar ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta rubuta maki a takarda ta miƙa wa Malam, tana cewa, "Ka san ni ba na kyauta." Yarinyar ta ci, da rata mai yawa. Tela da ya ji labari ya tsallako titi da ma'auni rataye a wuya, ya kama hannun Malam da hannu biyu. Yanzu haka tana shekara ta biyu a jami'a. Dokar kuwa tun ranar ta canza: mai iya faɗa ya faɗa, mai neman aron baki a ara masa, mai buƙatar lokaci a ƙara masa.

Wani zai tsaya a nan ya ce ya wanke kansa. Malam bai tsaya ba. A ƙarshen makon ya tafi bayan tashar mota, ya yi ta tambaya har aka nuna masa rumfar mai walda. Mutumin ya zama magidanci, har da furfura a gefen kai. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya gane mai sallama, ya yi saurin kashe inji zai durƙusa. Malam ya riƙe shi. Ya ce, "Ɗana, gaisuwarka ta iso. Ni ne na zalunce ka, ba kai ka gaza ba. Na zo ka yafe mini."

Mai walda ya yi ta girgiza kai, yana nuna ba komai. Can ya ce, kalma na fita da ƙyar, takardar da ya rubuta a wancan lokaci ta daɗe da ɓata, amma har yau tana kansa, don ya yi wata guda yana haddace ta. A kan masu keken guragu ce, da matakalar ofisoshin da ba sa iya hawa. Malam ya jawo wani tsohon galan ya zauna, ya ce, "Ina jin ka." Mutumin ya tsaya a tsakiyar ƙarafansa ya fara. Ya sarƙe, ya koma, ya sarƙe. Masu kawo aiki suka taru suna jira, Malam ya ɗaga musu hannu. Fiye da rabin awa aka yi kafin ya kai ƙarshe. Da ya gama, Malam ya share ido ya ce masa takardar ta fi ƙarfin ajin da aka rubuta ta, kuma ba don ya faranta masa ya faɗa ba.

Malam, kai ne wanda ya koya wa 'ya'yan mutane cewa mai neman haƙƙi ba sai ya yi zagi ba, kuma ba sai ya yi roƙo ba. Kai ne ka nuna musu yadda na gaba da su suka jera magana har masu iko suka rasa ta cewa. Wannan kaɗai ya isa a gode maka. Amma malamai da yawa sun iya koyar da yadda ake kai kuka. Kai ka ƙara da abin da ya fi wuya, ka nuna yadda ake karɓarsa idan a ƙofarka aka kawo shi, daga hannun yarinyar da makinta ke aljihunka. Muna son ka saboda wannan, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya bar ka da maiɗakinka mai faɗa maka gaskiya.

Sauran mu kuwa, kowa akwai wanda ke ƙarƙashinsa, ko a ofis, ko a shago, ko a cikin gida. Wata rana zai zo da maganar da ba za ta yi mana daɗi ba, wataƙila ma ba zai iya jera ta da kyau ba. Kada mu katse shi, kada mu ƙarasa masa. Mu nemi wuri mu zauna har ya gama, don mai walda shekara goma sha bakwai ya yi yana jiran wanda zai ji shi har ƙarshe.